Madarar gwangwani ta jarirai: Abin da ke cikin garin, da abin da ruwa da zafi ke yi masa a yankin Kura

Garin madarar jarirai da ake sayarwa a gwangwani ba ya fitowa daga masana'anta a tsarkake daga ƙwayoyin cuta gaba ɗaya. Wannan magana ce da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tabbatar bayan tarukan masana da suka kira a 2004 da 2006, kuma ta shafi kowane kamfani, babba da ƙarami. Gwangwani yana iya zuwa a rufe ruf, da lambar NAFDAC, da sauran shekara guda kafin wa'adinsa ya cika, duk da haka a sami 'yan tsirarun ƙwayoyi kwance a cikin garin. Muddin garin yana bushe, ba sa ƙaruwa. Ranar da aka zuba masa ruwa suke farkawa.

Saboda haka lafiyar madarar ta dogara ne a kan abubuwa uku da ke hannun mai haɗa ta: irin ruwan, zafin ruwan, da tsawon lokacin da madarar ta zauna kafin jariri ya sha. Babu inda waɗannan abubuwa uku suka fi fitowa fili kamar yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano, inda ruwa yake a ƙofar gida, zafi yake kai digiri 40 a bazara, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce.

Yadda ƙwayar ke shiga gwangwani

A masana'anta ana dafa ruwan madara har ƙwayoyin da ke cikinsa su mutu, sannan a fesa shi cikin wata doguwar hasumiya mai iska mai zafi, ya sauko a matsayin gari. Matsalar tana zuwa bayan nan. Garin yana bi ta bututu, a gauraya shi da wasu sinadarai busassu, a auna, a zuba a gwangwani, kuma ba a sake dafa shi. Duk wata ƙwaya da ta maƙale a ƙura, ko a tsagar bene, ko a wani lungu da danshi ya taɓa, tana iya faɗawa ciki a wannan tsakani.

Ƙwayoyi biyu ne masana suka fi sa wa ido. Ta farko ita ce Salmonela, wadda ke haddasa gudawa da zazzaɓi, wani lokaci ta shiga jini. Ta biyun ita ce Kronobakta, wadda sunanta bai shahara ba amma ɓarnarta ta fi muni. An fara ganin aikinta a Ingila a 1958, lokacin da jarirai biyu suka rasu da sanƙarau. A 1980 aka raɗa mata suna don girmama wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan ƙasar Jafan, Riichi Sakazaki, sannan a 2007 aka ware ta a gidanta na daban da sunan da ake kiran ta da shi yau.

Abin da ya bambanta Kronobakta shi ne juriyar fari. Tana iya rayuwa a busasshen gari har kimanin shekara biyu, wato tsawon rayuwar gwangwanin kansa. Kuma ba a madara kaɗai take ba. An same ta a shinkafa, da garin alkama, da kayan yaji, da ganyen shayi, da ƙurar gida. Ma'anar wannan ita ce ko da gwangwani ya fito lafiya lau, ana iya sa masa ita a gida ta hanyar jiƙaƙƙen cokali, ko murfin da aka ajiye a ƙasa, ko hannun da ya gama tankaɗe.

Babba mai lafiya ba ya ma sanin ya haɗiye ta. Wanda take kayarwa shi ne jaririn da bai kai wata biyu ba, da bakwaini, da wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, da wanda garkuwar jikinsa ke da rauni. A irin waɗannan tana gurɓata jini, ta lalata hanji, ko ta hau ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. Cutar ba ta da yawa, amma cikin jarirai goma da ta kai su ga sanƙarau ana iya rasa huɗu, waɗanda suka tsira kuma da dama suna tashi da taruwar ruwa a ka ko naƙasar ƙwaƙwalwa.

Abin da ya faru a ƙasashen da ke da kayan bincike

A 2001 wani bakwaini ya rasu a wani asibiti a jihar Tenesi ta Amurka, bincike ya gano ƙwayar da ta kashe shi a cikin gwangwanin da ba a ma buɗe ba. Wannan na cikin abubuwan da suka sa aka daina ɗaukar lamarin a matsayin sakacin ma'aikatan jinya kawai.

A Disambar 2017 aka gano Salmonela a madarar da kamfanin Lactalis ke yi a masana'antarsa ta Craon a Faransa. Jarirai sama da 30 suka kwanta. Zuwa Janairun 2018 janye kayan ya shafi gwangwani miliyan 12 a ƙasashe 83, ciki har da ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne binciken Cibiyar Pasteur ya nuna irin ƙwayar da ta kwantar da jarirai sama da 140 a 2005 ce, daga wannan masana'anta. Shekara goma sha biyu tana laɓe a wuri ɗaya.

A ranar 17 ga Fabrairun 2022 kamfanin Abbott ya janye garin Similac da Alimentum da EleCare da aka yi a masana'antarsa ta Sturgis a jihar Mishigan, bayan jarirai huɗu sun kamu da Kronobakta, biyu sun rasu. Masu bincike sun sami ƙwayar a wasu sassan masana'antar, ko da yake irin da aka samu a can bai yi daidai da na jariran da aka iya gwadawa ba, kuma kamfanin ya dogara da wannan wajen musanta cewa kayansa ne sanadi. Rufe masana'antar guda ɗaya ya jefa Amurka cikin ƙarancin madara, har a watan Mayu jirgin soja ya riƙa jigilar ta daga Turai. Daga 2024 ne ƙasar ta sa cutar cikin waɗanda ake kai rahotonsu a matakin tarayya.

Duk waɗannan an gano su ne saboda akwai wanda ya ɗebi jinin jariri ko ruwan bayansa ya kai ɗakin gwaji, ya kuma ajiye gwangwanin. Jaririn da ya yi zazzaɓi da dare a ƙauye, ya ƙi shan nono, ya rasu kafin azahar, ba ya shiga kowane lissafi. A ce zazzaɓi ne, a yi haƙuri.

Ƙasar ruwa, amma wane ruwa?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta ke gangarowa ta Ruwan Kanya zuwa manyan magudanai da ƙananansu da suka ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shirin, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kadada kimanin 22,000. Shi ya mayar da Kura garin shinkafa, ya mayar da Kadawa da Kwanar Gafan sunayen da duk ɗan kasuwar tumatir ya sani.

Ruwan kanal an yi shi don gona. A buɗe yake tafiya kilomitoci masu yawa. A cikinsa ake wanki da wanka, a bakinsa ake shayar da dabbobi, a nan ake wanke tankin feshi. Rijiyoyin da ke kusa da gonaki ba su da zurfi, domin ban-ruwa na shekara da shekaru ya ɗaga ruwan ƙasa, kuma rijiyar da ba ta da zurfi ita ce ta fi saurin karɓar abin da ya tsiyayo daga masai da bola. Ko ruwan fanfon tuƙa-tuƙa da ya fito garau yana iya gurɓata a jarkar mai garuwa, ko a randar da kowa ke tsoma moɗa. Ba a manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Jaririn da ke shan nonon uwa zalla ba ya haɗuwa da wannan ruwa ko kaɗan. Wanda ke shan madarar gwangwani kuwa yana haɗuwa da shi sau takwas a rana, kuma kusan kashi tara cikin goma na abin da ke cikin fidarsa ruwa ne.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da wuraren da ake zuba taki da yawa, wato sinadarin naitiret. Takin zamani irin su yuriya da kamfa idan ya yi wa shuka yawa, ruwa yana tafiya da ragowar zuwa ƙasa, ya taru a rijiyoyi marasa zurfi. Cikin jariri ɗan ƙasa da wata shida yana juya naitiret zuwa wani abu da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, sai a ga leɓɓansa da faratansa sun yi shuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita guda. Tafasawa ba ta cire shi, tana ma ƙara masa ƙarfi idan ruwan ya ƙone. Don haka rijiyar da ke bakin gona ba ta dace da madarar jariri ba ko da za a tafasa ruwanta. Gara na rijiyar burtsatse mai zurfi da ke nesa da gona da masai, shi ma a tafasa.

Lissafin zafi da lokaci

Madarar da aka dama abinci ce ga ƙwayar cuta kamar yadda take abinci ga jariri. Kronobakta tana hayayyafa daga kimanin digiri 6 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyas, kuma ta fi sauri a daidai ɗumin jikin mutum, inda take ninka kanta cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. Idan aka ɗauka rabin sa'ar ne cif, ƙwaya ɗaya za ta zama 1,024 cikin sa'a biyar. Ɗakin da aka rufa da kwano a Kura a watan Afrilu yana riƙe fida a wannan ɗumi ba tare da taimakon kowa ba.

A nan ne al'adar da ake ganin tattali ce take zama haɗari: a haɗa fida cike da safe, a naɗe ta a zane ko a sa a jaka, a tafi gona ko wajen turara shinkafa, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan har la'asar. Haka uwar da ke haɗa ta dare tun bayan isha'i don kada ta tashi hura wuta da ƙarfe biyu. Haka 'yar raino a Kano da aka bar wa fida uku a kan tebur, uwar ta tafi ofis. Firji yana maganin wannan ne kawai idan yana riƙe sanyin digiri 5 ko ƙasa da haka ba yankewa, sannan madarar ba za ta wuce sa'a 24 ba. Firjin da ke mutuwa rabin yini akwati ne kawai.

Digiri 70

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin haɗa madarar gari, kuma jigonsu lamba ɗaya ce. A dama garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. A wannan zafi Kronobakta da Salmonela da ke cikin garin suna mutuwa nan take ko kusa da haka.

Wannan ne wurin da masu ilimi ma suke kuskure. Mutum ya sayi ruwan gora mai tsada, ko ya tafasa ruwa ya bar shi ya huce sarai, ya dama madara, ya ɗauka ya gama. Ya magance ƙwayar da ke cikin ruwa, amma wadda ke cikin garin tana nan, ya ma ba ta ɗumin da take so. Abin takaici, rubutun jikin wasu gwangwanaye yana cewa a bari ruwa ya huce zuwa ɗumi-ɗumi, musamman waɗanda aka sa wa ƙwayoyi masu amfani ga ciki, da zafi ke kashewa. Ga jaririn da ke watanninsa biyu na farko, ko bakwaini, a ɗakin da babu firji, rasa waɗancan ƙwayoyi masu amfani asara ce ƙarama idan aka auna ta da sanƙarau.

Ba sai da ma'aunin zafi ba. Lita guda ta ruwan da ya tafasa sosai, idan aka sauke aka bar ta a rufe, tana nan sama da digiri 70 muddin ba ta wuce minti 30 ba. Sai a wanke hannu da sabulu, a fara zuba ruwan a mazubin da aka riga aka wanke aka tafasa, daidai layin awo, sannan a zuba garin da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a shafe bakinsa, ba tozo. Akasarin madarar da ke kasuwanninmu cokali ɗaya ne ga mililita 30, amma na jikin gwangwanin shi ne abin bi. A girgiza, a tsoma gindin mazubin a ruwan sanyi ba tare da ruwan ya kai murfi ba, a goge, a ɗiga a bayan hannu. Idan ɗumi-ɗumi ne a ba shi. Abin da ya rage bayan sa'a biyu a zubar, ko uwa ta shanye idan zubarwar ta yi mata ciwo.

Filas yana rage wahalar. Idan aka cika shi da tafasasshen ruwa aka rufe da kyau, yana riƙe zafin sa'o'i da dama, sai a tafi da shi da garin a bushe, a dama lokacin da yaro ya nema. Gidan mai jego kuwa dama ba ya rabuwa da wuta, tunda safe da yamma ana dafa ruwan wanka har kwana arba'in. Abin da ake buƙata shi ne tukunya ko buta ta daban, mai murfi, wadda ba a sa mata ganye.

Sai batun fida ita kanta. Bakin robar da zaren murfin wurare ne da madara ke maƙalewa, kuma ba sa wankuwa sai da buroshi da sabulu da tafasawa kowane lokaci. Shi ya sa inda ruwa da makamashi suka yi wuya ma'aikatan lafiya suka fi son a ba jariri da ƙaramin kofi, wanda ido ke ganin ko'ina a cikinsa. Jariri sabon haihuwa yana iya sha da kofi idan aka tallafe shi a zaune aka bar madarar ta taɓa leɓensa, ba a ɗura masa ba.

Zafi yana da iyakarsa. A farkon 2026 kamfanin Nestlé ya janye wasu rukunan madarar SMA da NAN da BEBA a ƙasashe masu yawa saboda wata guba da wata ƙwaya ke bari a baya, wadda tafasasshen ruwa ba ya karya ta. Haka ƙwayar da ke shanye jijiyoyin jarirai, wadda ta sa aka janye madarar ByHeart a Amurka a Nuwambar 2025, tana da sulken da digiri 70 ba ya ratsawa. Ita ce kuma dalilin da ya sa likitoci ke hana ba yaro zuma kafin ya shekara. Irin waɗannan ba a maganin su a murhu. Sai dai a ji sanarwa, a duba lambar rukunin da ke gindin gwangwani, a daina amfani da shi.

Tsada, madarar awo da alhakin ɗan kasuwa

Jaririn da ba ya shan nono ko kaɗan yana buƙatar gari kimanin kilo 20 a watanni shida na farko, wato gwangwani 50 na giram 400. Duk wanda ya san kuɗin gwangwani ɗaya a yau ya ninka da hamsin, ya ƙara kuɗin gawayi da sabulu. Wannan lissafi ya kamata ɗan birni ya yi kafin ya kai gwangwani biyu gidan suna a ƙauye a matsayin alheri. Idan aka fara bai wa jariri madara, tsotsonsa yana raguwa, nonon uwa yana ja da baya, ranar da gwangwani biyun suka ƙare kuma sai a shiga tsinka madarar da ruwa mai yawa, ko a koma madarar awo da ake ɗiba daga buhu a ƙulla a leda. Madarar awo ta shayi ce. Ba a tsara ta don cikin jariri ba, wasu ma an cire musu man nono an sa man ganye, ga shi buhun yana buɗe ga ƙura da ƙuda da hannun kowa.

Wannan tsohuwar matsala ce. Tun 1939 Dakta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar Gana ta yanzu, ta yi kakkausan jawabi a Singafo kan tallar madara ga matalauta. A 1981 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a da raba ta kyauta ga iyaye mata. Najeriya ta mayar da ita doka a 1990, kuma NAFDAC ce ke da alhakin aiwatar da ita. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. A arewa abin da ya fi karya shi shi ne ruwan da ake ba jariri da sunan ƙishi, da zubar da dakashi, amma a birane komawa aiki tana da nata kaso: dokar ƙwadago mako 12 ta bayar, shayarwa zalla kuwa wata shida take so.

Ba kowace uwa ce ke da zaɓi ba. Akwai wadda ta rasu wajen haihuwa, akwai mai jinya, akwai mai 'yan uku. Ga irin waɗannan gidaje madarar gwangwani rai ce, kuma su ne suka fi cancantar a sayar musu da mai kyau. Ɗan kasuwar Singa ko Sabon Gari da ke lodin kaya zuwa Kura ya sani cewa gwangwanin da ya lotsa a baki, ko ya yi tsatsa, ko ya kumbura, iska da danshi sun sami hanya. Wanda ya shigo ta bayan fage babu lambar NAFDAC, idan kamfaninsa ya janye shi a Turai babu mai neman sa a shagon ƙauye. Wanda aka kankare kwanan watansa kuwa ba ya buƙatar bayani. A gida ma, gwangwanin da aka buɗe ba ya wuce mako uku zuwa huɗu, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, kuma wurinsa inuwa ce mai bushewa, ba kusa da randa ba.

Lokacin tafiya asibiti

A jaririn da bai kai wata biyu ba, cutar ba ta zuwa da alamar da ta keɓanta da ita. Zafin jiki ko sanyin da ya wuce ƙima, ƙin sha, kukan da ba ya tsayawa ko kasalar da ba ya iya kuka, gurnani wajen numfashi, kumburin ciki, shawara, maɗiga ta taso, jijjiga. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. Ba ciwon kemis ba ne, ba kuma na jira zuwa safiya ba, domin sanƙarau a wannan shekaru sa'o'i yake ƙirgawa, maganinsa kuma allura ce ta jijiya a gadon asibiti. Babban Asibitin Kura shi ne mafi kusa ga yawancin ƙauyukan yankin, daga can kuma kimanin kilomita 30 ne zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko na Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan gudawa ce, a ci gaba da ba shi nono ko madara tare da ruwan gishiri da sukari a kan hanya. A ɗauki gwangwanin da murfinsa da cokalinsa a tafi da su, a nuna wa likita lambar da ke gindinsa.